Dogon Yaro Ko Kainuwa: Wane Irin Baƙo Ne Fim Ɗin Fassara?

Wata Asabar bayan isha'i ina zaune a teburin mai shayin layinmu a nan Sabo, sai gardama ta kaure tsakanin wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar goro, da wani matashi mai shagon tura fina-finai a waya. Abin da ya jawo ta shi ne wasu yara uku da suka haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa, suna ta ƙyalƙyala dariya.

Dattijon ya dubi matashin ya ce, "Kai yaro, wannan abin da kake sayar wa 'ya'yanmu guba ce. Ina ruwan Bahaushe da al'adar masu bautar gumaka?"

Matashin ya russuna ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka. Amma yaran nan da kake gani, ba don wannan fassarar ba, da Yarbanci da buroka kaɗai za su riƙa yi maka. A nan suke jin Hausa."

Aka yi shiru. Kowa a teburin ya san dukansu biyun suna da gaskiya a bakinsu, shi ya sa gardamar ba ta ƙare ba, watsewa kawai aka yi. Ni kuwa na tafi gida da ita a raina. Tambayar da ta tsaya mini ita ce: idan aka ɗauko labarin wasu mutane aka sa masa harshenmu, alheri aka yi mana ko cuta? Kuma in an cuce mu, wa za a kama?

Na daɗe ina juya abin, sai na ga hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce mu dube shi da idon manomi. Masu ilimin muhalli, wato masu nazarin yadda tsirrai da dabbobi da ruwa da ƙasa suke zaman tare, ba sa yanke wa tsiro hukunci shi kaɗai. Sukan tambaya: a wace ƙasa ya faɗi, me ya tarar a wurin, me ya ƙara, me ya kora? Labarin da aka fassara shi ma dashe ne. An tumɓuko shi daga inda ya tsira an kawo shi wani wuri. Don haka tambayoyin da ake yi wa dashe su ya kamata a yi masa.

Mu fara da itacen da kowa ya sani. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, ba namu ba ne. Asalinsa ƙasar Indiya da maƙwabtanta. Zamanin Turawa aka kawo shi, kuma a wajajen 1928 aka fara dasa shi a ƙasar Borno. Yau je ka Maiduguri ko Sakkwato ko Katsina, ka cire dogon yaro a ranka, ka ga abin da zai rage na inuwa. A ƙarƙashinsa ake zaman majalisa, da ganyensa ake surace in zazzaɓi ya kama mutum, da reshensa ake asuwaki. Har maƙwabtanmu Yarabawa da suka karɓe shi, da sunan da muka sa masa suka karɓa, suna ce masa dongoyaro. Ga baƙo daga Indiya, Bahaushe ya raɗa masa suna, Bayarabe yana kiransa da shi.

Sai kuma ɗaya baƙon. Duk wanda ke zuwa Ikko, ko ya taɓa shiga jirgin ruwa ta Ikorodu ko Epe a ƙarshen damina, ya ga wannan koriyar ciyawa mai shuɗin fure da ke shimfiɗe a kan ruwa kamar darduma. Mukan ce mata kainuwa, ko da yake ba irin kainuwar tafkunanmu na gida ba ce. Asalinta Kudancin Amurka, yankin kogin Amazon. A 1984 ta shigo ruwan Najeriya ta wajen Badagry. Kyakkyawa ce a ido, amma tana toshe hanyar jirage, tana naɗe injin kwalekwale, tana hana masunta jefa taru, tana shaƙe kifin da ke ƙarƙashinta. A can garinsu ba ta yin wannan ɓarna, domin akwai ƙwarin da ke cin ta suna rage mata ƙarfi. Da ta zo nan ba ta tarar da mai tsawata mata ba, ta kuma tarar da ruwa mai cike da dattin gari, wanda shi ne abincinta.

To, ga baƙi biyu. Ɗaya ya zama ɗan gida, ɗaya ya zama annoba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kalmar "baƙo" ba hukunci ba ce. Masara da rogo da tumatir da barkono da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka zo, mangwaro daga Indiya. Shi kansa goron da dattijonmu ya yi rayuwarsa a kai, a kurmi yake tsira, amma wane aure ko suna ake yi a ƙasar Hausa babu shi?

Haka abin yake a fagen labari. Tun 1937 Abubakar Imam ya fara fitar da Magana Jari Ce, kuma masana sun nuna cewa da yawa daga labaran cikinsa ya samo irinsu ne daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da labaran aku na ƙasar Indiya. Amma wa ya taɓa karanta littafin nan ya ji ƙamshin baƙunta? Sarki namu, waziri namu, alƙali da ɓarawo da ɗan kasuwa duk namu. Fim ɗin Indiya kuwa tun wajajen shekarun 1950 zuwa 1960 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo shi Arewa, mutane suka rungume shi tun ba sa jin ko kalma ɗaya. Har laƙabi suka ba 'yan wasan: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masu bege suka ɗauki karin waƙoƙin suka zuba yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Finafinan Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990, daga baya su ma daga wannan rijiyar suka ɗebi rawa da waƙa. Wato abin da matashin nan yake turawa a waya ba jiya ya zo ba. Sabon abin shi ne yanzu Ba'indiye da Baturke suna buɗe baki Hausa na fitowa, kuma silimar ta baro bakin kasuwa ta shigo aljihun yaro.

A nan ne nake ganin dattijonmu ya yi kuskure, kuma kuskuren da mu mazauna Sabo bai kamata mu yi ba. Mu kanmu dashe ne. Tun 1916 aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa a Ibadan, suka zo da shanu suka koma da goro, har suka kafa gida. Idan muka ce duk abin da ya zo daga waje guba ne, me za mu ce wa mai cewa mu ma daga waje muka zo? Hujjar da muke kare kanmu da ita kullum ita ce a dube mu da abin da muka ƙara wa gari, da yadda muke zama da maƙwabta. Adalci shi ne mu auna labarin wasu da mudun da muke so a auna mu da shi.

Amma shi ma matashin bai gama faɗin gaskiya ba. Haka ne, yaran suna jin Hausa a fim. Wace irin Hausa? Ina da jika ɗan shekara takwas, a nan aka haife shi, Yarbanci ya fi zama a bakinsa. Rannan ƙanwarsa ta ɗauke masa biskit, sai na ji ya miƙe ya ce, "Wallahi sai na ɗauki fansa, ba ki san ko ni wane ne ba!" Muka yi dariya har da hawaye. Da dariyar ta lafa sai na ce ya miƙo mini ludayi, ya tsaya yana kallona. Ya san fansa, ya san sara da suka, ya san yadda ake yi wa abokin gaba barazana. Bai san ludayi ba, bai san maburgi ba, bai san yadda ake gaida wanda aka yi wa rasuwa ba. Hausarsa ta faɗa ce da soyayya, domin su ne abin da fim ɗin ke ɗauke da shi.

Ko dogon yaro mai amfani, in shi kaɗai aka yi ta dasawa, akwai asara. Yana saurin girma, ba ya neman ruwa da yawa, shi ya sa kowa ya koma gare shi. Amma ba ya ba da kalwa kamar ɗorawa, ba ya ba da mai kamar kaɗanya, ba ya ba da miya kamar kuka, ba ya kuma yi wa gona taki kamar gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero hasken rana. Garin da babu itace sai dogon yaro yana da inuwa, amma tukunyarsa ta yi rashi. Yaron da babu Hausa a kunnensa sai ta fassara haka yake.

To wa ya jawo? A nan sai in kawo misali na uku, wanda ya fi damuna. Mutanen Haɗeja da Nguru sun san ciyawar kacalla. Da can kogin yankin yakan cika ya yi ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Wannan bushewar ita ke hana kacalla sakewa. Da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canja, ya zama akwai wuraren da ba sa bushewa duk shekara. Kacalla ta samu abin da take so, ta mamaye fadamu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen janbaki masu cinye shinkafa. Manomi yana iya tsine wa kacalla daga safe har dare, amma ba ita ta canja kogin ba. Mutane ne suka canja shi, ita kuwa ta shiga inda aka buɗe mata. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Yaushe rabon da a ji "ga ta nan, ga ta nanku" a tsakar gidajenmu? Kakannin da ke yin tatsuniya, wasu sun rasu, wasu suna Arewa, waɗanda suke nan su ma waya ce a hannunsu. Uba ya fita tun asuba zuwa kasuwa ko wurin canji, sai dare. Uwa tana fama da sana'a. Makarantar boko Turanci, layi Yarbanci da buroka, Islamiyya Larabci da ɗan abin da ya samu. Lokacin da a da yake na hira tsakanin magariba da barci ya zama fili babu mai shi. Fim ɗin fassara bai kori Gizo da Ƙoƙi ba. Ya zo ya tarar sun riga sun tashi, ya shimfiɗa tabarmarsa. Wannan ba ya wanke shi daga duk laifi, amma yana nuna cewa kaso mafi girma na alhakin yana wuyanmu.

Sai dai kada mai fassara ya ji haka ya ce shi ya kuɓuta. Wanda ya ɗauko tsiro daga wata ƙasa ya kawo, shi ya fi kowa sanin abin da ya ɗauko. Akwai amana iri biyu a kansa, kuma sau da yawa suna karo da juna.

Ta farko amanar mai kallo. Fim ɗin da aka shirya don manya a can, in ya zo nan babu mai tantance shi, yaro ɗan shekara bakwai ne zai kalla a ƙarƙashin bargo. A garinsu akwai hukumar da ke rubuta shekarun wanda ya dace ya kalla, akwai iyayen da suka san irin fim ɗin tun daga sunan jaruminsa. Waɗannan su ne kamar ƙwarin nan da ke rage wa kainuwa ƙarfi a garinsu. Idan fim ya tsallako ya shiga katin waya, duk sun zube a hanya. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, amma hannunta bai kai shagon da ke layinmu ba. Saboda haka mai fassara da mai turawa su ne shingen da ya rage. Kuma zaɓen kalma ba ƙaramin abu ba ne. Zagi da Indiyanci yana wuce yaro kamar iska. Zagin nan in an mayar da shi Hausa, aka ƙara masa gishiri don a yi dariya, gobe shi za ka ji a bakin yaro yana yi wa yayarsa.

Ta biyu amanar masu labarin, kuma ita ce aka fi mantawa. Na sha ganin fim inda mutum ke tsaye gaban abin bautarsa, ya haɗa tafuka, amma muryar Hausa tana fitar da addu'a irin tamu. Na san niyyar mai fassarar. Yana gudun kada ya sa kalmar shirka a bakinsa ko a kunnen yara. Amma duba abin da ya faru: ido yana ganin abu ɗaya, kunne yana jin wani. An yi wa mutumin ƙarya, domin ba abin da ya faɗa ke nan ba. An kuma rikita yaron, domin an haɗa masa hoton da lafazin da ba sa haɗuwa. Wani zai ce ai Abubakar Imam ma ya musuluntar da labaran da ya ɗauko. Gaskiya ne, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Imam iri ya ɗauko ya shuka, abin da ya tsiro sabon labari ne da sababbin mutane, bai ce ga abin da Bajamushe ya faɗa ba. Mai sa murya a fim kuwa itacen ya ciro da saiwarsa da ƙasarsa, fuskokin mutanen da gidajensu da ibadarsu duk suna nan. Matsayinsa na tafinta ne, tafinta kuwa ba shi da ikon canja maganar wanda yake yi wa tafinta. In wurin bai dace da yara ba, a yanke shi. In an bar shi, a faɗi gaskiyarsa, a ce ga shi yana roƙon abin bautarsa, yaro ya tambayi babansa a yi masa bayani.

Me ya sa na damu da wannan har haka? Saboda inda muke zaune. Yaron da ke Kano yana iya girma bai yi hulɗa mai zurfi da wanda ba addininsu ɗaya ba. Namu kuwa daga ƙofar gida zai haɗu da mai zuwa coci, da mai bin addinin gargajiya, da Musulmin da al'adarsa ta bambanta da tamu. Abin da ya fi bukata shi ne ya san cewa akwai mutanen da ba irinsa ba, suna da nasu tunani, suna son iyayensu, suna jin zafin zalunci, kuma ana iya zama da su lafiya ba tare da an zama su ba. Fassarar gaskiya tana koyar da wannan. Fassarar da ke mayar da kowa Bahaushe tana koya wa yaro cewa mutum ba ya zama abin so sai ya yi kama da shi. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021 ba sai an gaya masa tsadar rashin fahimtar juna ba.

Kuma mun san ɗacin a fassara mutum ba daidai ba, don an yi mana. Sau nawa muka kalli fim ɗin kudu muka ga Bahaushe bai wuce maigadi mai ɗan tsohon rediyo ba, wanda ba a sa shi sai don a yi dariyar Turancinsa? Ranmu yakan ɓaci, mu ce ba haka muke ba. To wanda ba ya so a yi masa haka, kada ya yi wa Ba'indiye, ko da Ba'indiyen ba zai taɓa ji ba.

Akwai wani abu kuma da ke ba ni mamaki. Mun tsallaka teku mun ɗauko labaran Indiya, mun ɗauko na Turkiyya irin su Ertugrul, amma maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba mu, me muka sani na labaransa? Mu nawa muka san abin da D. O. Fagunwa ya rubuta a littafinsa na maharbi a dajin aljanu, wanda ya fito a 1938, har Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci a 1968? Mu nawa muka zauna muka fahimci Saworoide na Tunde Kelani, wanda ke magana a kan mulki da amana? Su kuma su nawa suka san Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar? Alhali babu wanda Allah ya hore wa wannan aiki kamar 'ya'yan Sabo. Sun tashi da harsuna biyu a baki, sun san abin da ke sa Bayarabe dariya da abin da ke sa Bahaushe kunya. Abin da muke ɗauka rauni ne a gare su, wato rabuwar harshensu biyu, shi ne jarinsu in an gyara musu Hausar.

Saboda haka ga abin da nake gani, kuma ban ce dole kowa ya yarda ba. Hana kallo ba zai yi aiki ba, kamar yadda ba a hana kainuwa shigowa da tsawa. Abin da ke hannunmu shi ne gyaran ƙasar da abin ke faɗawa. Uba ya zauna ya kalli fim ɗaya da 'ya'yansa ko da sau ɗaya a mako, ya tsayar ya tambaye su: wannan da ya yi, daidai ne? A wurinmu yaya ake yi? Uwa da kaka su dawo da tatsuniya da kacici-kacici, ko da na minti goma ne kafin barci. A riƙa aiken yaro da Hausa, a sa shi ya amsa da ita. Makarantun Islamiyyarmu su ware ɗan lokaci na karatun Hausa, littattafan nan suna nan ba su ɓace ba. Masu shagon turi su ji tsoron Allah, su san abin da ke cikin kayansu, su ware na yara daban, kada su tura wa ɗan shekara tara abin da ba za su tura wa ƙanensu ba. Matasanmu masu kwamfuta da murya kuwa, su gwada ɗaukar gajeren labari ɗaya na maƙwabta su mayar da shi Hausa da gaskiya, da izinin masu shi, su ɗauki namu su mayar musu.

Bayan kwana biyu na sake tarar da dattijon da matashin a teburin nan, sun shirya har suna raba burodi. Na ce wa dattijon, "Baba, inuwar da kake zaune a ƙarƙashinta ɗin nan fa daga Indiya take." Ya ɗaga kai ya dubi dogon yaron, ya yi murmushi ya ce, "To ai ita an san wanda ya dasa ta, kuma ana share ƙarƙashinta kullum." Ban samu abin da zan ƙara a kan wannan ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu zama baƙin da gari ke alfahari da su. Amin.